Shaidar Haɗi a Jikin Manhaja: Daga Kwalbar Magani Zuwa Kwamfuta

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa sayen maganin ruwa na yara a wani kemis da ke Dutse, ko Kiyawa, ko Birnin Kudu, in ya juya kwalbar zai tarar da wasu ƙananan rubuce-rubuce a gefenta. Akwai lambar rajistar hukumar NAFDAC, akwai ranar da aka yi maganin da ranar da zai daina aiki, sa'an nan akwai wata lamba wadda galibin mutane ba su kula da ita, wato lambar rukuni. Lambar rajista tana nuna cewa hukuma ta amince da wannan irin magani. Ita kuwa lambar rukuni tana nuna daga wace tukunya aka ɗebo abin da ke cikin kwalbar, domin kamfani ba ya haɗa maganin shekara guda a zama ɗaya. Kashi-kashi yake haɗawa, kuma kowane kashi da tasa lambar.

Muhimmancin wannan lamba ya fito fili a ƙarshen shekarar 2008, sa'ad da yara ƙanana suka riƙa mutuwa da ciwon ƙoda a Zariya da Legas da Ibadan bayan an ba su wani maganin haƙori mai suna My Pikin. Gwajin da aka yi ya nuna akwai wani sinadari mai guba, dayetilin gilaikol, a cikin rukuni mai lamba 02008. Zuwa watan Fabrairu na 2009 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ba da sanarwar mutuwar yara 84. A irin wannan hali, lambar rukuni ce take haɗa kwalbar da aka samu a hannun uwa da tukunyar da aka dafa maganin a kamfani.

Manhajar kwamfuta da ta wayar hannu ma haka take. Suna ɗaya gare ta, amma ana sake haɗa ta sau da yawa, wata ma kowane dare. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake yin wannan haɗi, da irin shaidar da ake bugawa a jikinsa, da kuma dalilin da ya sa ma'aikacin lafiya da ɗalibin kimiyya a Jigawa suke da ruwa da tsaki a cikin maganar.

Yadda Ake Haɗa Manhaja

Manhaja jerin umarni ce da mutane suke rubutawa domin kwamfuta ta bi. Abin da masu tsara ta suke rubutawa da hannunsu shi ake kira rubutun tushe, kuma mutum ne yake iya karanta shi. Kafin na'ura ta iya aiki da shi, sai an bi da shi ta cikin wata manhaja wadda za ta juya shi zuwa harshen na'ura, ta tattara sassansa wuri ɗaya. Abin da ya fito daga wannan aiki shi ne haɗi. Ana iya kwatanta rubutun tushe da wake da albasa da attarugu, haɗi kuwa da ƙullun da mai ƙosai ta niƙo yau. Sana'arta ɗaya ce kullum, amma ƙullun yau daban yake da na jiya.

Manyan manhajoji ba aikin mutum ɗaya ba ne. A ranar 25 ga Agusta, 1991, kwana biyu kacal kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa, wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ya ba da sanarwar cewa yana rubuta wata manhaja ta sarrafa kwamfuta. A watan Satumba na wannan shekara ya fitar da ita da lamba 0.01. Ita ce Linux, wadda rubutun tushenta ya haura layi miliyan 30, dubban mutane suna ƙara mata gyara, kuma a kanta aka ɗora Android da ke cikin galibin wayoyin da ake sayarwa a kasuwannin Jigawa.

In mutum ɗari suna gyara abu ɗaya a yini ɗaya, ba wuya gyaran wani ya ɓata na wani. Saboda haka aka fito da al'adar haɗin dare. Da zarar an tashi daga aiki, sai wata na'ura ta tattara duk gyare-gyaren da aka shigar a yinin, ta yi sabon haɗi, ta yi masa wasu gwaje-gwaje, ta ajiye. Dare aka zaɓa tun asali domin haɗa babbar manhaja yakan ɗauki sa'o'i, kuma a lokacin ne na'urori suke zaune ba aiki. Da safe sai masu tsarawa da masu gwaji su ɗauki sabon haɗin su ga abin da ya gyaru da abin da ya lalace. Manhajar shiga intanet ta Firefox tana da irin wannan haɗi mai suna Firefox Nightly, wanda kowa yana iya saukewa. Ta Chrome kuma tana da Chrome Canary.

Ya kamata a bambanta haɗin dare da bugu na jama'a. Bugu shi ne wanda aka tace, aka gwada, aka fitar domin kowa, kamar yadda ake cewa littafi bugu na farko ko na biyu. Tsakanin bugu da bugu ana iya yin haɗin dare talatin ko fiye, kuma dukkansu lambar bugun da ke tafe suke ɗauke da ita. A nan matsalar take. In mai gwaji ya ce ya ga tangarɗa a bugu na kaza, bai faɗi kome ba tukuna, domin haɗi talatin ne suke amsa wannan suna. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne.

Abin da Shaidar Haɗi Ta Ƙunsa

Cikakkiyar shaidar haɗi takan ƙunshi abubuwa huɗu.

Na farko shi ne lambar bugu. Da yawa daga cikin masu tsara manhaja suna bin tsarin lamba uku da ɗigo a tsakaninsu, alal misali 2.5.1. Lambar farko tana canzawa in an yi babban sauyi wanda zai iya hana tsofaffin ayyuka tafiya, ta biyu in an ƙara wani sabon abu, ta uku kuwa in an toshe wata ɓaraka kawai.

Na biyu shi ne alamar da ke nuna cewa haɗin na gwaji ne. Firefox Nightly yana ƙara a1 a ƙarshen lambarsa, wasu manhajoji kuma suna ƙara kalmar SNAPSHOT. Wannan gargaɗi ne ga mai amfani cewa tuwon bai gama nuna ba.

Na uku shi ne rana da lokacin da aka yi haɗin. A Firefox ana rubuta wannan da lambobi 14 a jere: shekara, wata, rana, sa'a, minti da daƙiƙa. In mai karatu ya ga 20240315093000, ma'anarsa ranar 15 ga Maris, 2024, ƙarfe 9 da rabi. An fara da shekara ne domin in aka jera lambobin daga ƙarama zuwa babba, sai su jeru daga tsohon haɗi zuwa sabo.

Na huɗu shi ne lambar da ke nuna ainihin rubutun tushen da aka yi haɗin da shi. A shekarar 2005 Torvalds ya rubuta wata manhaja mai suna Git domin adana tarihin kowane gyara. Git tana ba kowane gyara lamba mai baƙaƙe 40, waɗanda aka zaɓo daga 0 zuwa 9 da kuma a zuwa f. Ba mutum ne yake raɗa wannan lamba ba. Lissafa ta ake yi daga abin da rubutun ya ƙunsa, ta yadda ko waƙafi ɗaya aka canza, lambar gaba ɗaya za ta canza. Galibi baƙaƙe 7 na farko ake nunawa, domin sun isa a gane gyaran.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Marubuta waƙoƙin ajami sukan rufe waƙa da ramzi, wato kalmar da in aka lissafa darajar haruffanta sai ta ba da shekarar da aka yi waƙar. Masu kwafar littattafai da hannu kuma sukan rubuta sunansu da ranar da suka gama a shafin ƙarshe. Da irin waɗannan alamomi ne masu nazari suke gane wane kwafi ya riga wane, da kuma inda kuskure ya fara shiga.

Bin Sawun Tangarɗa

Babban amfanin shaidar haɗi shi ne gano ranar da abu ya lalace. A ƙaddara wata manhaja tana lissafi daidai a farkon wata, bayan dare 32 sai aka ga tana kuskure. Ba sai an gwada haɗi 32 ɗaya bayan ɗaya ba. Sai a ɗauko na tsakiya, wato na dare na 16. In yana da lafiya, tangarɗar tana cikin rabi na biyu. In ba shi da lafiya, tana cikin rabi na farko. Sai a sake raba wannan rabin gida biyu. Gwaji 5 ya isa a kai ga daren da abin ya faru, kuma ko da haɗi 1,024 ne, gwaji 10 ya isa. Daga nan lambar Git za ta nuna gyare-gyaren da aka shigar a wannan yini, da wanda ya shigar da su. Amma duk wannan ba zai yiwu ba sai an adana tsofaffin haɗe-haɗe, kowanne da shaidarsa.

Masana ilimin halittu sun san wannan hanya sarai. A watan Fabrairu na 1988, Richard Lenski ya fara wani gwaji a Amurka da ƙwayar bakteriya mai suna Escherichia coli a cikin kwalabe 12. Kowace rana ana ɗibar kashi 1 cikin 100 na abin da ke cikin kowace kwalba a zuba a sabon abinci. Bayan kowane kwana 75, wato zuriya 500 ke nan, sai a ɗebi samfuri a rubuta masa lamba a daskarar da shi. A shekarar 2003 aka lura ruwan kwalba ɗaya ya yi kauri fiye da na sauran. Bincike ya nuna ƙwayoyin cikinta sun sami ikon cin sitiret, dangin sinadarin da ke sa lemo tsami, abin da irinsu ba su iya yi in akwai iskar oksijin. Da masu binciken suka koma firiza suka farfaɗo da tsofaffin samfura, sai suka gano cewa wannan hali ya fara bayyana wajen zuriya ta 31,500. Da ba a rubuta wa samfuran lamba ba, da sai dai a ga sauyin a rasa asalinsa.

A fagen kwamfuta, abin da ya faru ranar 19 ga Yuli, 2024 ya isa misali. Kamfanin CrowdStrike na Amurka, mai yin manhajar tsaro, ya tura wani ƙaramin fayil ga abokan cinikinsa da ƙarfe 5:09 na asuba agogon Nijeriya. Fayil ɗin yana da aibi, kuma bisa ƙiyasin kamfanin Microsoft, kwamfutoci miliyan 8.5 suka tsaya cik. Jiragen sama suka kasa tashi, aiki ya tsaya a asibitoci da bankuna a ƙasashe da dama. Da ƙarfe 6:27 aka tura gyararren fayil. Farkon sunan fayilolin biyu iri ɗaya ne, saboda haka sanarwar da kamfanin ya fitar ta ce a duba lokacin da ke jikin fayil domin a bambanta mai aibi da mai lafiya. Tazarar minti 78 ce ta raba su.

Inda Abin Ya Shafi Dutse da Kewayenta

Mai karatu zai iya cewa wannan magana ta masu tsara manhaja ce a ƙasashen waje. Misalai uku za su nuna kusancinta.

Na farko ya shafi ƙididdigar lafiya. A ƙarshen kowane wata, asibitoci da ɗakunan shan magani a ƙananan hukumomi 27 na Jigawa suna cike takardar taƙaitaccen rahoto game da haihuwa da rigakafi da zazzaɓin cizon sauro da sauransu. Ana shigar da alƙaluman a cikin DHIS2, manhajar da ake tsarawa ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Oslo ta ƙasar Nowe, wadda ƙasashe sama da 70 suke amfani da ita. A shafinta na bayani tana nuna lambar bugu da lambar haɗi da ranar haɗi. Wanda ya shiga ta intanet kai tsaye bugu ɗaya yake gani da kowa, domin manhajar tana zaune ne a babbar na'ura guda. Amma masu tattara bayani da waya a ƙauyuka, da irin manhajar ODK Collect, kowa da abin da ke cikin wayarsa. A ƙaddara ma'aikaci ɗaya a Jahun ya sabunta manhajarsa da fom ɗinsa, abokin aikinsa a Buji bai samu ya sabunta ba saboda rashin sabis. In sabon fom ya gyara yadda ake lissafa watannin yaro, to yaro ɗaya zai iya faɗawa rukunin 'yan ƙasa da shekara a wannan waya, ya faɗa wani rukuni a waccan. Mai tattara rahoto a Dutse zai ga alƙaluma sun saɓa, kuma in ba a ajiye lambar bugu tare da bayanan ba, zargi zai faɗa kan ma'aikaci alhali laifin na fom ne. Shi ya sa masu ODK suke ba da shawarar a ba kowane fom lamba mai ɗauke da shekara da wata da rana.

Na biyu ya shafi ɗalibai. A Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da sauran manyan makarantu, mai binciken kimiyya ba ya rabuwa da manhajar lissafi. Ɗaya daga cikin waɗanda masana ilimin halittu suka fi amfani da su ita ce R, wadda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka fara a Jami'ar Auckland ta ƙasar Niyu Zilan. A ce ɗalibi yana son ya zaɓi bishiyar dabino 30 daga cikin 300 ta hanyar ƙuri'a domin ya auna 'ya'yansu. R tana yin wannan ƙuri'a, kuma in aka ba ta lambar farawa iri ɗaya, za ta maimaita zaɓi iri ɗaya, ta yadda malami zai iya tabbatar da aikin ɗalibinsa. To amma a bugu na 3.6.0, wanda ya fito a watan Afrilu na 2019, an canza hanyar yin ƙuri'ar domin an gano tsohuwar tana da ɗan karkata. Saboda haka umarni ɗaya da lambar farawa ɗaya za su ba da bishiyoyi daban a tsohuwar kwamfutar ɗakin gwaji da sabuwar kwamfutar malami. Babu wanda ya yi maguɗi a cikinsu. Umarnin sessionInfo() yana fito da lambar bugu da ta duk kayan da aka yi aiki da su, kuma in haɗin gwaji ne, R tana nuna ranarsa da lambar gyaransa.

Na uku ya shafi ciwon sikila, wanda ba baƙo ba ne a gidajen Jigawa, domin kusan mutum 1 cikin 4 a Nijeriya yana ɗauke da ƙwayar gadonsa. Asalin ciwon canjin harafi ɗaya ne a cikin haruffa kimanin biliyan 3 na DNA ɗin ɗan Adam, a kan kuromozom na 11. Taswirar da masana suke auna DNA da ita, ita ma bugu-bugu ce, har ma haɗi suke kiran kowanne. A haɗi na 37, wato GRCh37 na 2009, wannan harafi yana gurbi na 5,248,232. A haɗi na 38, wato GRCh38 na 2013, yana gurbi na 5,227,002. Harafin bai motsa ba. Taswirar aka gyara, kamar yadda lambar gida takan canza in an sake auna titi. Mai binciken da ya ɗauki lamba daga wannan taswira ya nema a waccan zai sauka nesa da wurin da haruffa 21,230, ya karanta abin da ba shi ba.

Abin da Ya Kamata a Kiyaye

Ga mai amfani da manhaja, abin lura kaɗan ne. Ya san inda shaidar take: a wayar Android tana cikin saiti, ƙarƙashin About phone, a kwamfuta mai Windows umarnin winver yana fito da ita, a Firefox kuma sai a rubuta about:support a gurbin adireshi. In zai kai ƙorafi, ya kwafi shaidar gaba ɗaya ko ya ɗauki hotonta, ya faɗi abin da ya yi da abin da ya gani. Cewa "na sauke ta jiya" ba ta wadatar ba, domin ranar saukewa daban take da ranar haɗi. Har ila yau, kada a yi aikin asibiti ko na kundin digiri da haɗin dare, domin na gwaji ne. Ɗalibi kuma ya rubuta lambar bugun kowace manhaja a babin hanyoyin bincike, kamar yadda yake rubuta irin shukar da ya gwada, SAMNUT 24 ce ko SAMNUT 26, maimakon ya ce gyaɗa kawai.

Ga matasa masu koyon tsara manhaja, nauyin ya fi yawa. Na'urar da ke yin haɗi ita ya kamata ta buga shaidar da kanta, domin in aka bar wa mutum, wata rana zai manta. A sa shaidar inda ido zai gan ta ba tare da wahala ba, a sa ta a sunan fayil ɗin da ake saukewa, a kuma sa ta a jikin duk rahoton da manhajar ta fitar. A yi amfani da agogo ɗaya na duniya wajen rubuta lokaci, domin daren Dutse rana ce a wata ƙasa. Akwai masu ɓoye lambar bugu a na'urorin da ke fuskantar intanet don kada ɓarayin bayanai su gane tsohuwar manhaja su far mata. Wannan tsoro yana da tushe, amma maganinsa shi ne a rufe lambar ga baƙo, a bar ta a buɗe ga ma'aikacin da ya shiga da izini.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a ga cewa duk abin da yake canzawa alhali sunansa bai canza ba yana buƙatar shaida ta biyu bayan sunan. Magani yana da lambar rukuni, samfurin bakteriya yana da lambar zuriya, taswirar DNA tana da lambar haɗi, manhajar da ake haɗawa kowane dare kuma tana da rana da lokaci da lambar gyara. Buga wannan shaida ba ya cin kuɗi, karanta ta ba ya ɗaukar minti guda. Rashinta kuwa yakan sa a ɗora wa ma'aikaci laifin na'ura, ko a yi wa ɗalibi zargin da bai cancanta ba. Ya dace malaman kimiyya da shugabannin sassan ƙididdiga a Jigawa su mayar da rubuta ta ƙa'ida, kamar yadda ma'aikaciyar rigakafi take rubuta lambar rukunin allura a rajista kafin ta buɗe kwalba.